Wanda ya sayar da dokin sukuwa ba ya hana sukuwa

A watan Agusta na shekarar 2025 ne kampanin Nissan na ƙasar Japan ya fitar da mota ta ƙarshe daga samfurin nan da ake kira GT-R R35, a ma'aikatarsa da ke Tocigi. An yi shekara 18 ana ƙera ta, kuma wajen guda 48,000 suka shiga duniya. Masu sha'awar motocin gudu sun yi mata ban kwana da yabo, kuma ta cancanci yabon. Sai dai a cikin tarihinta akwai wani babi da bai kamata a rufe shi tare da rufe ƙirarta ba, wato rigimar da ta tashi a 2008 da 2009 tsakanin kampanin da mutanen da suka fara sayenta, a kan lalacewar akwatin giya da takardar garanti.

Mai karatu a Maraɗi ko Tawa yana iya cewa: ina ruwan biri da gada? Motar da kuɗinta ya kai wajen dalar Amurka 70,000, wato fiye da miliyon 30 na sefa a canjin wancan lokaci, ai ba ta talaka ba ce. Gaskiya ne. Amma tambayar da rigimar ta tayar ta kowa ce. Idan sabon kaya ya lalace a hannun mai saye, alhali yana yin aikin da aka sayar da shi domin ya yi, wa zai biya? Wannan tambaya tana jiran mai sayen moto, da mai injin niƙa, da ƙungiyar manoma da ta sayi injin ban ruwa, da ma'aikacin da ke sa hannu a madadin gwamnati. Amsar da ta dace ita ce: abin da kampani ya ƙera a cikin kayansa, ya kuma ci kasuwa da shi, dole ne ya tsaya masa ranar da ya ɓaci.

Akwatin giya da garanti

Injin mota juyi kawai yake yi. Akwatin giya, wanda makanikai ke kira buwat, shi ne ke karɓar wannan juyi, ya daidaita shi, ya miƙa shi ga ƙafafun mota. A cikinsa akwai faya-fayan ƙarfe masu haƙora da ke cizon juna. Giya ta ɗaya tana ba da ƙarfi mai yawa da gudu kaɗan, don a tayar da mota daga tsaye. Giyoyin sama kuwa suna ba da gudu. Tsakanin inji da akwatin akwai kuloci, shi ke haɗa su, shi ke raba su. Babu lokacin da akwatin giya ke shan wuya kamar lokacin tashi, domin a nan ne duk nauyin mota da duk ƙarfin inji ke haɗuwa a kan haƙoran ƙarfe ƴan kaɗan.

GT-R ta fito da inji mai silinda 6 da ƙarfin doki 480, tana kuma ja da ƙafa huɗu. Akwatinta, mai suna GR6, yana can wajen ƙafafun baya, da giya 6 da kuloci biyu. Kuloci ɗaya na giya ta 1 da ta 3 da ta 5 ne, ɗayan kuma na ta 2 da ta 4 da ta 6. Yayin da mota ke tafiya da wata giya, mai bi mata ta riga ta shirya, shi ya sa canjin ke aukuwa kamar ƙiftawar ido. Direba ba ya taka kuloci da ƙafarsa. Kwamfutar da kampani ya sa a cikin motar ita ke yanke lokacin da za a saki ƙarfi, da yawan ƙarfin da za a saki. Ya kamata a riƙe wannan batu, domin a kansa maganar ta rataya.

Garanti kuwa alkawari ne a rubuce. Mai ƙera kaya yana cewa, idan kayan ya ɓaci cikin wani wa'adi saboda aibin ƙira, shi zai gyara ko ya canja ba tare da an biya ba. A Amurka Nissan ya ba GT-R garantin shekara 5 ko tafiyar mil 60,000, wato kusan kilometir 96,000, a kan inji da akwatin giya, duk wanda ya riga cika. Wannan alkawari ba kyauta ba ne. Kuɗinsa yana cikin kuɗin motar, mai saye ya riga ya biya shi ranar ciniki.

Abin da ya faru

An nuna GT-R a baje kolin motoci na Tokyo a watan Oktoba na 2007, aka fara sayar da ita a Japan a Disamba, ta isa Amurka a watan Yuli na 2008. Abin da ya yi mata suna shi ne tashi. Daga tsaye takan kai gudun kilometir 100 a awa cikin ƙasa da sakan 4, ta kamo motocin Turai da suka fi ta tsada nesa.

Don a samu mafi saurin tashi, injiniyoyin kampanin sun shirya wata dabara a cikin kwamfutar motar, wadda za a iya kira tashin zabura. Direba zai danna wasu maɓallai, ya taka birki da ƙafar hagu, ya danne totur da ta dama. Inji zai hau zuwa juyi 4,500 a minti ya tsaya a nan. Da an saki birki sai motar ta zabura. Amma dabarar ba ta aiki sai an kashe wata na'ura mai suna VDC, wadda aikinta shi ne lura da santsi: idan ƙafa ta fara zamewa, ita ke rage ƙarfin inji ko ta kama birki. Ƴan jaridar motoci sun yi amfani da wannan dabara wajen gwaji, suka buga alƙaluman da suka samu, kuma waɗannan alƙaluma sun jawo masu saye.

Kafin shekarar 2008 ta ƙare sai aka fara jin labarin akwatunan giya da suka fashe a Amurka. Masu motocin suka kai su garejin wakilan kampani da takardar garanti a hannu. A nan ne wasunsu suka gano abu biyu. Na farko, motar tana da wata na'ura da ke rubuta yadda aka tuƙa ta, har da lokutan da aka kashe VDC. Na biyu, littafin garanti ya ce kampani ba ya ɗaukar ɓarnar da ta auku saboda tuƙi da VDC a kashe, sai fa idan an kashe ta ne don a fitar da mota daga taɓo ko ƙanƙara. Aka ce da su su biya da kansu. Kuɗin sabon akwati ya kai wajen dalar Amurka 20,000, kusan miliyon 9 na sefa a lokacin, wato fiye da rubu'in kuɗin motar.

Hujjar kampani

Adalci ya sa a saurari ɗaya gefen, domin kampani yana da abin faɗa. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya sayi motar gudu ya san ƙarfe yana da iyaka. A cikin masu irin waɗannan motoci akwai waɗanda ke ƙara wa inji ƙarfi fiye da yadda aka ƙera shi, akwai masu shiga tsere, akwai masu maimaita zabura sau da yawa a jere don burge abokai, har mai ya yi zafi, ƙarfe ya gaji. Idan kampani zai biya wa kowane mai ganganci, to kuɗin mota zai hau, kuma mai tuƙi da hankali ne zai biya wa marar hankali. Bayan haka sharaɗin yana rubuce a littafi, masu sayen kuwa manya ne masu karatu.

Wannan hujja tana da nauyi a kan wanda ya taɓa injinsa ya canja shi. Duk wanda ya sa hannu ya sauya ƙirar kaya, ya ɗauki alhakin abin da sauyin ya jawo. Amma ba ta isa ta wanke kampani a kan mutumin da bai canja ko kusa ɗaya ba, ya danna maɓallan da ya tarar a motarsa kawai.

Inda hujjar ta gaza

Da farko, mai saye bai ƙirƙiro tashin zabura ba. A ma'aikata aka sa shi, injiniyoyin kampani ne suka zaɓi juyi 4,500, su ne kuma suka sa dabarar ba ta aiki sai an kashe VDC. A kwatanta da kasuwar dabbobi. Dillali ya kawo doki yana cewa babu mai kamo shi a sukuwa, aka biya kuɗin dokin sukuwa, ranar da aka fara sakar masa linzami sai ƙafa ta karye. Mai doki ya dawo, sai a ce masa ai an faɗa a gefe cewa kada a yi sukuwa da shi. Babu dattijon kasuwa da zai amince da wannan. Idan doki ba ya jure sukuwa, sai a sayar da shi a kuɗin dokin kaya. Ba daidai ba ne a ci riba da sunan gudu, ranar biya kuma a ce gudun laifi ne. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na biyu, a wannan shari'a kampani shi ne wanda ake ƙara, shi ne mai shaida, shi ne kuma alƙali. Na'urar da ke rubuta tuƙi tasa ce, ma'aikatansa ne ke karanta ta, su ne ke yanke hukunci. Kuma abin da na'urar ke nunawa shi ne an kashe VDC rana kaza. Nuna cewa an kashe ta daban ne da nuna cewa kashewar ce ta karya ƙarfen. Tana yiwuwa ita ce, tana kuma yiwuwa ƙarfen ne ya zo da rauni daga ma'aikata. Wanda ya ƙera kayan, yake da zanensa da injiniyoyinsa, shi ya kamata ya kawo shaida. Ɗora wannan nauyi a kan mai saye kashin dankali ne, babba a kan ƙarami.

Na uku, abin da kampanin ya yi daga baya ya nuna cewa maganin yana hannunsa tun farko. A 2009 ya sake tsarin kwamfutar motar, ya rage juyin da inji ke hawa kafin tashi, ya kuma sa ana iya tashi da sauri ba tare da an kashe VDC ba. A samfurin da ya shiga kasuwar Amurka a 2011, wanda ƙarfinsa ya ƙaru zuwa doki 530, dabarar ta dawo a fili da sunanta, da kariyarta: idan aka yi ta sau 4 a jere sai motar ta ƙi, sai an ɗan yi tafiya akwatin ya huce. Ashe ana iya ƙera mota ta kare kanta daga gangancin direba. Da an yi haka tun 2007, da ba a kai ga rigima ba.

Masu motocin farko sun haɗa kai suka kai ƙara gaban kotu a Kaliforniya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aka sasanta ba tare da alƙali ya yanke wa ke da laifi ba. Kampani ya yarda ya sa musu sabon tsarin kwamfuta, ya tsaya wa akwatin giyarsu na shekara 5 ko mil 60,000, ya ƙara musu da takardar rangwame ta dalar Amurka 75. Garantin abin kirki ne, amma sai da aka je kotu aka same shi.

Ba GT-R kaɗai ba

Kampanin General Motors na Amurka ya sa wani akwati mai giya 8, mai canja kansa, a motarsa ta gudu Corvette daga samfurin 2015 zuwa na 2019, da kuma Camaro da wasu manyan motocinsa. Masu su suka yi ta kukan karkarwa da fizga. Kampani ya umurci garejinsa su zubar da man akwatin su zuba wani iri. A 2019 aka shigar da ƙara a jihar Mishigan. A 2023 alƙali ya yarda a haɗa ƙarar masu motoci wajen 800,000 na jihohi 26 ta zama ɗaya. A watan Yuni na 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan izni. Shekara 6 ke nan aka kashe a kan ko masu ƙara za su shigo tare ko kowa shi kaɗai. Kotu hanya ce, amma doguwa ce, kuma mai guzuri da yawa ya fi jure ta.

Akwati mai kuloci biyu bai tsaya ga motocin attajirai ba, ya sauko ga motocin kowa da kowa, da shi da rigimarsa. A ƙasar Sin, gidan talabijin na gwamnati ya nuna matsalar akwatin DSG na kampanin Volkswagen ranar 15 ga Maris na 2013, kuma cikin ƴan kwanaki aka ba da sanarwar kiran motoci fiye da 380,000 don a gyara. A Ostareliya, hukumar kare masu saye ta kai kampanin Ford ƙara a kan akwatin PowerShift na motocin Focus da Fiesta da EcoSport. A watan Afrilu na 2018 kotun tarayya ta ci kampanin tarar dalar Ostareliya miliyon 10 saboda yadda ya bi da koke-koken jama'a. A cikin abin da aka kama shi da shi har da gaya wa mutane cewa yadda suke tuƙi ne ke sa motar karkarwa. Amsar ɗaya ce da wadda mai GT-R ya ji: laifin direba ne. Abin lura shi ne, inda hukuma ta tashi tsaye, magana ba ta daɗe ba.

Wasu ƙasashe sun sa wannan cikin doka. A Amurka, dokar garanti ta 1975, mai suna Magnuson-Moss, ta hana kampani ya ce garanti ya faɗi don kawai an sa kayan gyara da ba nasa ba, ko an yi gyara a wani gareji. A Faransa, tun 1804 kundin dokokin farar hula ya ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibi, a aya ta 1641. Tun watan Maris na 2016 kuma, idan sabon kaya ya nuna aibi cikin wata 24, doka tana ɗauka cewa da aibin aka sayar da shi, sai mai sayarwa ya kawo shaidar cewa ba haka ba ne. Nauyin shaida ya koma inda ya kamata.

Darasi ga mai saye da hukuma

Yawancin motocin da ke shigowa Nijar na hannu ne, garantinsu ya ƙare, ko kuma ba ya tsallake iyakar ƙasar da aka fara sayar da su. A cikinsu ana samun masu akwatin da kwamfuta ke sarrafawa, waɗanda guduma da sifana ba su isa gyaransu ba, ga kuma zafin bazara da ƙura. Saboda haka mai sayen ta hannu ya kamata ya tambayi irin akwatin da ke cikinta, ya kai ta wurin makanikin da ke da na'urar bincike, ya kuma sa a rubuta abin da aka yi alkawari gaban shaidu. In ba haka ba, ya yi cinikin biri a sama.

Mai sayen sabon kaya kuwa, mota ce ko moto ko inji, yana da tambayoyi 4 da zai yi kafin ya sa hannu. Garantin na wata nawa ne? Waɗanne sassa ya ƙunsa? Mene ne zai sa ya faɗi? A wane gari ake gyara, kuma kwana nawa kayan gyara ke yi kafin su iso? Ya ajiye takardar ciniki da ta kowane canjin mai, domin ranar gardama takarda ce ke magana. Wanda ya koyi karatu yana da makamin da ya fi na wanda ke dangwala yatsa, muddin ya karanta har ƙananan layukan ƙasa. Wanda bai iya ba, ya nemi a karanta masa cikin harshen da yake ji. Masu GT-R sun iya karatu, amma wasunsu ba su san da sharaɗin ba sai a bakin gareji.

Babban nauyi yana kan ma'aikatan da ke saye da kuɗin jama'a. Motar ɗaukar marasa lafiya da ta kwana wata da watanni a kan duwatsu, ana jiran a san wa zai biya akwatin giya, asararta ta wuce ta kuɗi. Ya kamata kowace kwangila ta faɗi wa'adin garanti, da wa'adin gyara, da kayan gyaran da mai sayarwa zai ajiye a cikin ƙasa. Ta faɗi cewa tafiya a rairayi da zafi, wadda dominta aka sayi motar, ba za ta zama dalilin soke garanti ba. Ta faɗi cewa idan an yi gardama, masanin da ba ya cin albashin kampani ne zai duba, za a kuma nuna masa duk abin da na'urar motar ta rubuta. Haka nan ya dace hukumar ciniki ta tilasta wa masu shigo da sabbin injuna su bayyana sharuɗɗan garanti a fili kafin a biya.

Ba a neman kampani ya biya wa mai ganganci. Abin da ake nema shi ne, wanda ya yi talla da gudu ya tsaya wa gudu, wanda ya ce laifin direba ne ya kawo shaida. Alkawari kaya ne, kuma wanda ya karɓi kuɗin dako shi ke ɗauka. Attajiran Amurka, da lauyoyinsu da jaridunsu, sai da suka sha wuya kafin a cika musu. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa.